Goron da Kakana Ya Tauna Sati Guda

A lokacin shekaruna goma sha biyar, amma bakina ya girme ni da aƙalla shekara ashirin. Ina lekol, wato makaranta, a Parakou, ina zaune wajen gwaggona a unguwar Ladjifarani, in an yi hutu in koma gida Djougou. Ba na iya ba da labari yadda ya faru. Idan sauro ya cije ni, kafin in kai ƙofar gida labarin ya zama ya ɗaga ni sama, sai da aka jefe shi da takalmi ya sake ni. Malamai sun sha korata daga aji suna danne dariya. Ina rubuto muku ne don ku ji inda wannan bakin ya kai ni, kuma tun yanzu ina faɗa, ba duk abin da na yi nake nadamarsa ba.

Kakana na wajen uba goro yake sayarwa. Kakanninsa da ayarin goro suka shigo Djougou, kuma zauren gidanmu nan ne fatake suke sauka tun kafin a haifi babana. Dokarsa ɗaya ce: a gidan nan bayarwa ake yi, ba a karɓa. Duk gidan tsoronsa ake ji, ban da ni, don tsakaninmu akwai wasan kaka da jika. Ina kiransa tsoho mai rowa, ina ce masa goro ɗaya yake taunawa sati guda, ya shanya shi a rana ya sake mayarwa baki. Shi kuma yana kirana rediyon da ba ta da wurin kashewa, yana cewa zai ba da ni kyauta ga duk direban da ya yarda ya tafi da ni nesa. Kullum da safe da wannan muke gaisawa.

A farkon daminar wannan shekarar aka yi iska da ruwa da suka yaye rufin gidaje a unguwarmu har zuwa ƙauyukan Pélébina. Rufin ɗakin innata ya tashi, rabinsa a kan mangwaron maƙwabta muka tsinto shi. Babana yana Cotonou wajen aiki, hannunsa bai kai ba. Sai aka ji cewa wata coci a garin za ta raba kwanon rufi da ƙusoshi, da taimakon da wasu majami'u na Turai suka tara suka aiko, kuma ba sa tambayar addinin kowa. Kaka ya ce sunan gidansa ba zai shiga takardar masu karɓa ba. Ya ce ba don coci ba ce, ko liman ne ya kawo, amsarsa ke nan, a jira kasuwar goro ta buɗe. Inna ta ci gaba da kwana ƙarƙashin leda, robobi da kwanoni jere a kan gadonta suna tarar ruwa, tana tari tana cewa babu komai.

Ni na kasa jira. Na ja ƙawayena biyu muka tafi a ɓoye. Matar faston cocin ce ke rubuta sunaye, kuma tana ɗaukar bidiyon wasu a waya don a aika wa waɗanda suka ba da taimakon su ga inda ya shiga. Da ta ji Faransancina ya fito sosai, sai ta ce in ba da labarin gidanmu. Wallahi da gaskiya na fara, rufi ya tashi, inna tana tari. Sai na ji ƙawayena suna ƙyalƙyala a bayana, shi ke nan rediyo ta kunnu. Na ce talaucin gidanmu ya kai ɓeraye sun tattara sun koma maƙwabta. Na ce kakana goro ɗaya yake taunawa sati guda, in ya gama ya miƙa wa innata. Na ga idon matar ya kawo ruwa, maimakon in tsaya sai na ƙara wuta. Na ce duk ƙarshen wata kaka yana hawa bayan kamiyo, babbar motar kaya, ya tafi Parakou ya zauna a tashar Gare yana bara. Duk maganganun da nake jefa masa ne a zaure yana ramawa, ban da ta barar, wadda a nan take na ƙirƙiro ta. Ban tsaya na tuna cewa ba ya wurin balle ya rama ba, kuma masu kallon ba su san akwai wani abu wai shi wasan kaka da jika ba.

Aka ba mu kwano. Na ce wa mutanen gida mijin gwaggo ne ya aiko daga Parakou, aka rufe ɗakin inna, tarinta ya lafa. Har aka sa sunana cikin matasan da za a ba horon shugabanci na kwana biyar a Parakou, wanda majami'un nan ke ɗaukar nauyinsa, wai ni ce yarinyar da ke ɗauke da gida a kanta. Na yi ta yawo ina jin kaina gwana.

Bidiyon ya tafi Turai, aka nuna shi a coci, aka ɗora shi a intanet, sannan ya juyo gida. Wani ɗan garinmu da ke can ya gan shi ya aiko wa ɗan'uwansa direba. Daga tashar manyan motoci ta Gare ya shiga wayoyin 'yan kasuwar Djougou, har da wanda ya zauna ya fassara shi da Hausa da Dendi don kada kowa ya rasa rabonsa. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, wani tsohon abokin hamayyar kaka a layin goro ya kama hannunsa a gaban jama'a ya danƙa masa kwabo, ya ce ba sai ya wahala zuwa Parakou ba, in yana da buƙata ya riƙa tambaya a gida.

Kaka ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya sa aka cire kwanon daga ɗakin inna aka jingine shi a zaure, aka mayar da leda. Bai dake ni ba, bai zage ni ba. Washegari da safe na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa mini kamar baƙuwa, ya tambaye ni ko na tashi lafiya, ya ce Allah ya yi albarka, ya mayar da kansa ga goronsa. Na gwada ce masa tsoho mai rowa, ya yi kamar iska ce ta kaɗa labule. Haka kullum har sati uku. Na gwammace da ya karya sanda goma a bayana.

A gari kuwa magana ta juya. Aka fara cewa mutanen coci ne suka koya mini abin da zan faɗa don su tozarta gidan Musulmi. Baffana ya kira ni gefe ya ce ga hanya Allah ya kawo, in ce matar fasto ce ta sa mini maganar a baki, ni yarinya ce, kowa zai yarda, kaka ma zai huce. Na ce masa duk garin nan an san babu mai sa mini magana a baki, matsalata kullum ita ce fitar da ita. Na ce matar nan kwano ta ba mu, ba zan saka mata da ƙage ba. Ya ce to in manta da zuwa horon. Da hutu ya ƙare na koma Parakou na faɗa wa gwaggo komai, ta yi mini faɗa har miyarta ta kusa ƙonewa, sannan ta ce in je horon in gyara abin da na ɓata.

A kwana na uku na horon sai ga baƙi daga majami'ar da ta aiko da taimakon. Cikinsu akwai wata tsohuwa mai farin gashi, wadda ta ce matan cocinsu sun kalli bidiyona sun yi kuka, ita da hannunta ta saƙa bargo ta kawo wa kakana don sanyin bakin tasha. Aka kira ni gaba ana tafi. Na ce su dakata da tafin. Na faɗa musu cewa rufin gaskiya ne, tarin inna gaskiya ne, sauran duk ƙarya ce. Kakana bai taɓa bara ba, shi ke ciyar da baƙi, kuma ɓerayen gidanmu suna nan da ƙibarsu. Tun da na riga na fara, sai na ƙarasa. Na ce laifin ƙaryar nawa ne, amma su ma babu wanda ya tako ya ga gidan, babu wanda ya tambayi tsohon ko ya yarda a nuna wa duniya labarinsa, kuma da na tsaya a kan gaskiya kaɗai ban tabbata bidiyona zai tsallaka teku ba.

Matar fasto ta ji haushina ƙwarai, kuma tana da hakki. Tsohuwar kuwa ta ce tana so ta je ta ba shi haƙuri ido da ido. Na buɗe baki zan ce zai kore su, sai na tuna wani abu: tun da aka gina zauren nan ba a taɓa mayar da baƙo daga ƙofarsa ba. Na ce mu tafi gobe.

Da hantsi muka isa Djougou. Kaka yana zaune a zaure, kwanon yana jingine a bayansa. Ya dubi baƙin, ya dube ni, na san ya gane tarkon da na ɗana masa. Ya miƙe ya shimfiɗa tabarma da kansa, ya sa a kawo ruwa, ya sa a yanka zabi. Kafin a sauke tukunya rabin unguwa ya cika ƙofar gida, har da baffa da mai ba da kwabon nan. Ni ce tafinta, kuma a karon farko a rayuwata ban ƙara ko gishiri ba. Na tsaya na maimaita da Hausa abin da na faɗa a Parakou, na ce babu wanda ya koya mini, duk wanda ke neman mai laifi ga ta nan tsaye. Tsohuwar ta ce an cire bidiyon daga intanet, ta roƙe shi gafara, ta miƙa bargon da hannu biyu.

Kaka bai karɓa ba tukuna. Ya shiga ciki ya fito da huhun farin goro, irin wanda ba ya sayar wa kowa sai masu ɗaurin aure, ya ajiye a gabanta. Ya ce in gaya mata ta kai wa mutanen cocinsu, ta ce mabaracin Gare ne ya aiko. Sannan ya ce baƙo in ya zo da tsaraba ba a mayar masa da ita, ya ɗauki bargon, ya nuna kwanon ya ce shi ma tsaraba ce da ta riga masu ita isowa, a mayar da shi kan ɗakin surukarsa kafin la'asar. Tsohuwar ta ciji goro don girmamawa, fuskarta ta tattare kamar tsumma, amma ta haɗiye ta ce akwai daɗi. A nan na gane ba ni kaɗai ce maƙaryaciya a zauren ba.

Bayan sun tafi na zauna a bakin ƙofa ina jiran gaisuwar baƙuwa. Sai kaka ya ciro ɓarin goro daga bakinsa ya miƙo mini. Ya ce rediyo ta karɓa, kwana shida kacal ya yi yana taunarsa, saura kwana ɗaya, in yi sauri in miƙa wa innata. Na yi kuka har majina, shi kuma yana cewa har kukan ma ƙari nake yi.

Har yau akwai masu kirana jikar mabaraci in na ratsa kasuwa, kuma ba na sunkuyar da kai. Ban yi nadamar nemo wa innata rufi ba, ban yi nadamar zuwa horon ba, ban yi nadamar ƙin yi wa matar fasto ƙage ba, ko da wasu dangi suna ganin na zaɓi bare a kansu. Abu ɗaya ne ke cina: na ɗauki mutuncin da tsoho ya shekara saba'in yana tarawa na sayar da shi don 'yan mata biyu su yi dariya. Ku sa'o'ina masu baki irin nawa, wasan da kuke yi da na gida ku bar shi inda mai shi zai iya ramawa, don waya ba ta ɗaukar dariyar da ke bayan magana. Ku kuma masu aiko da taimako daga nesa, mun gode, amma ku riƙa shiga zaure ku gaida mai gida kafin ku kunna kyamara. Masu jiran in daina surutu kuwa, su nemi wurin zama. Kaka da kansa ya duba, ya ce har yanzu bai ga wurin kashewa ba.