Maginin da Ya Tsaya Cikin Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ku da ke riƙe da waya a hannu, ku amsa mini daga inda kuke zaune: ta zo mu ji ta.

To, ku gyara zama. Ni ba na sauri.

Wata rana, a tsakiyar damina, wata baiwar Allah mai suna Kuluwa ta ɗaura niyyar gini.

Tela ce. Shekara ashirin da biyu tana taka keken ɗinki a gidan haya. Mijinta ya rasu ya bar mata fili a bayan gari, da 'ya'ya uku. Ga kuma tsohuwarta, Inna, wadda ido ya yi wa rauni, ƙafa ma ta daina ɗaukarta.

Burin Kuluwa ɗaya ne: rufin kankare, wanda magina ke ce wa dekin.

Ta gaji da kwano mai yoyo. Ta gaji da jera robobi a tsakar ɗaki duk sanda hadari ya haɗo, da jan katifar Inna daga wannan lungu zuwa wancan. Tana so tsohuwar nan ta kwanta ƙarƙashin rufin da ba ya ɗiga kafin Allah ya yi ikonsa.

Yayanta Mudi ne ya samo magini. Mudi mutumin kirki ne, sai dai yana son komai ya zo da wuri.

Ya shigo yana miƙa mata waya. "Kulu, na samo miki mutum. Injiniya Namadi. Dubi aiki!"

Ta duba. Gidaje ne masu sheƙi, kamar a lashe.

"Ɗan wane gida ne, Yaya?"

"Ke dai! Gini za a yi miki ko aure za a ɗaura? Baƙo ne, bai fi shekara biyu da zuwa garin nan ba. Wata uku ya miƙa miki makulli. In kika biye wa birkilolin unguwa, sai kin yi furfura ginin bai kai saman taga ba."

"Ai hoto ba ya yoyo. Ina so in shiga in gani da idona."

Da aka gaya wa Namadi, bai yi gardama ba. Ya ce ranar Laraba da hantsi zai kai su gida uku.

Laraba ta zo, sai ga shi. Dogo ne siriri, cikin farar shadda, muryarsa ƙasa-ƙasa. In yana magana da Kuluwa, ƙasa yake kallo. Ta ce a ranta, wannan akwai kunya.

Gidan farko akwai mutane a ciki. Mudi ya yi sallama, maigidan ya fito ya shimfiɗa tabarma a zaure.

"Injiniya, bisimilla mana."

Namadi na can tsallaken hanya, gindin darbejiya. Ya ɗaga hannu.

"Ku dai shiga. Gidan matan aure ne."

"Zaure ne fa kawai."

"Na fi sakewa a nan, ranka ya daɗe."

Mudi ya matso kusa da kunnen ƙanwarsa. "Kin ga tarbiyya? Mutumin da ko zauren mutane ba ya takawa, shi ne zai ci amanarki?"

Kuluwa ta shiga wajen matar gidan. Tayil na ɗaukar ido, fenti ko tabo babu. Ta tambaye ta yadda suke jin gidan.

"Lafiya lau, wallahi. Wannan ce daminarmu ta farko. Sai dai 'yar ƙasa da nake sharewa kullum da safe, ban san ta inda take shigowa ba. Ƙofar ɗakin yara kuma ta fara ƙin rufuwa. Babansu ya ce sanyi ne ya kumbura katakon."

Kuluwa ta ce, "Haka katako yake da damina."

Ta yi godiya ta fito.

Gida na biyu ma haka. Ita ta shiga, Mudi ya zauna a zaure, Namadi ya tsaya nesa cikin rana yana goge gumi da hankici.

Na uku yana can ƙarshen gari, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Bene ne sabo fil, ba a sayar ba tukuna. Masara ta kewaye shi ta gefe uku, ta fi mutum tsayi.

Namadi ya buɗe get, ya miƙa wa Mudi makullin falo.

"Wannan babu kowa. Ku duba son ranku."

Kuluwa ta yi murmushi. "Nan ma akwai matan aure ne, Injiniya?"

"Kira nake jira, Hajiya. Ciki babu sabis."

Suka shiga suka bar shi a tsakar gida.

Jama'a, Kuluwa a ƙauye ta tashi. Ta san gidan da babu kowa. Kwana bakwai ka rufe ɗaki da damina, ka dawo ka tarar zanzaro ya yi gini a kusurwa, gizo-gizo ya yi saƙa, tsaka na bin bango.

Nan babu ko ɗaya.

Ta duba bayan ƙofa. Ta duba saman taga. Ko tururuwa ba ta gani ba. Gidan shiru, da wani irin sanyi kamar na cikin rijiya.

Mudi kuwa sai rabon ɗakuna yake yi, muryarsa na dawo masa daga bango.

"Irin wannan za a yi miki. Nan ɗakin Inna, kusa da bayi. Nan ki kafa kekenki. Sama kuma in na zo ziyara, nawa ne, kar wanda ya taɓa!"

Ya haye bene yana dariya.

A nan ne gabas ta yi baƙi.

Ko azahar ba a kira ba, amma gari ya rufe kamar magariba. Iska ta taso, masara ta kwanta ta tashi, ta kwanta ta tashi. Sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Kuluwa ta tuna da mutumin da suka bari a waje. Ta koma bakin ƙofar falo.

Yana nan inda suka bar shi.

Tsakaninsa da baranda bai fi taku goma ba. Babu lema, babu itace. Shaddar ta manne masa a jiki, ruwa na zuba ta bakin hularsa. Bai matsa ba.

"Injiniya, shigo mana!"

Ta ƙara ɗaga murya.

"Bawan Allah, ruwa na dukanka! Shigo ko baranda ce!"

Ya girgiza kai.

Sai ta lura ba ita yake kallo ba. Ba ƙasa yake kallo ba kuma, yadda ya saba. Idonsa na bisa kanta, a kan dekin. Leɓensa na motsi kamar mai addu'a.

Daga sama Mudi ya ƙwala mata kira. "Kulu! Ji ƙarfin gini!"

Ya buga ƙafa a ƙasa. Dim. Dim.

Namadi ya ɗora hannu biyu a ka, ya ja da baya har ya bugi get.



A cikin ƙarar ruwan sai Kuluwa ta ji wata ƙara daban, siririya, a bayanta. Kamar ana tsiyayar gero a hankali cikin ƙwarya.

Ta juya.

Daga inda ginshiƙin falo ya haɗu da rufi, yashi ne ke zubowa, siriri kamar zare. Har ya tara ɗan tsibi a kan tayil.

Tela ba ta rabuwa da almakashi. Ta ciro ƙaramin da ke jakarta, ta kanƙare fentin ginshiƙin, ta ɗan danna.

Ba ta sa ƙarfi ba. Almakashin ya shige har mariƙi, kamar a cikin dakakken ƙuli-ƙuli.

Ba ta yi ihu ba. Ta je gindin matattakala, ta yi magana a hankali.

"Yaya."

"Na'am? Hawo ki ga ɗakina!"

"Kar ka ƙara buga ƙafa. Sauko. Sannu-sannu, kamar Inna na barci."

"Me ya faru?"

"Don girman Allah, sauko."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya sauko yana bin bango. Ta kama hannun rigarsa, ta ja shi suka fita cikin ruwan, ba su tsaya ba sai gaban Namadi.

Su uku tsaye, ruwa na dukansu, ga gida mai ɗaki shida a bayansu babu kowa.

Kuluwa ta ce, "Injiniya, tsakaninka da Allah. Me ya hana ka shiga?"

Namadi ya dubi benen.

"Akwai wani gida da na gina, Hajiya. A garin da na baro. Ranar suna rufinsa ya rufto. Mata cike da falo."

Mudi ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ina wurin. An gayyace ni, ina waje tare da maza. Wata tsohuwa ta ɗauki guɗa, ba ta kai ƙarshe ba." Ya sake duban dekin. "Tun ranar, in na sa kai ƙarƙashin rufin da na zuba, sai in ji tana ƙarasawa."

Tausayi ya so ya kama Kuluwa. Ta ce a ranta, wanda ya ga wannan da idonsa, ai ya tuba.

"To bayan nan ka gyara aikinka? Ka ƙara siminti, ka ƙara rodi?"

Ya share ruwan fuskarsa da tafin hannu. Karon farko tun safe, ya dube ta ido cikin ido.

"Hajiya, siminti ya yi tsada."

...



Kuluwa ta ja mayafinta da ya jiƙe sharkaf, ta kama hanya cikin taɓo. Mudi na biye da ita, makullin mutane a hannunsa, har sai da suka yi nisa ya tuna ya jefar da shi cikin masara. 

Ba gida ta nufa ba. Ta koma gidajen nan biyu ta faɗi abin da ta gani da abin da ta ji.

Maigidan farko ya dubi rufin zaurensa, ya yi mata godiya. A ranar ya kwashe iyalinsa zuwa gidan ƙaninsa, ya nemo wanda ya san aiki ya zo ya duba.

Na biyu cewa ya yi, "Baiwar Allah, Allah ne mai tsarewa. In hassada ce ta kawo ki, ga hanya."

Kafin Juma'a lambar Namadi ta daina shiga. Ɗakin da yake haya, wanda wani ne ya gina tun zamanin da, aka tarar da shi a buɗe. Babu wanda ya ga fitarsa, babu wanda ya san garin da ya nufa.

Kuluwa ta yi gininta daga baya. Ta ba da aikin ga wani tsohon birkila da ta bi gidajen da ya gina shekara goma sha biyar baya, ta zauna da matan ciki ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ga faɗa, ga jinkiri. Sai da aka ci damina biyu. Inna ta samu wata bakwai a sabon ɗakinta, ko ɗigo bai taɓa ta ba, sannan Allah ya karɓi abarsa.

Benen can kuwa, an sayar.

Kuluwa ta je ta samu wanda ya saya. Ya saurare ta da ladabi har ta gama, sannan ya ce ai shi ya ga takardu, kuma an sake fenti.

Yana nan tsaye har yanzu. An sa labule a tagogi, an ɗaura igiyar shanya a tsakar gida. In ta bi ta hanyar nan za ta gona, tana jiyo ƙafafun yara suna guje-guje a sama.

In hadari ya haɗo, sai ta ajiye ɗinki, ta zauna da carbi, ta kasa kunne wajen benen can.

Bai faɗi ba.

Tukuna.

Darasi:

'Ya'yana, in za ku ba baƙon magini aiki, kar sheƙin fenti ya ɗauke muku ido, kar kuma ladabinsa ya rufe muku baki. Kunya kyakkyawar ɗabi'a ce, amma ba ita ke riƙe rufi ba. Ku nemi tsohon aikinsa, wanda ya sha damina biyar ko goma, ku zauna da mutanen da ke kwana a ciki, musamman matan da ke share gidan. In suka ambaci wani ɗan abu, kar ku ba su amsa da kanku kamar yadda Kuluwa ta yi da zancen ƙofa. Ku tambayi garin da ya baro, da abin da ya raba shi da can.

Sannan ku ce ya shigo ku zauna tare a ƙarƙashin rufin da ya zuba. Ku kawo ruwa, ku yi hira, ku daɗe.

Wanda ba zai zauna a ciki sa'a ɗaya ba, kar ku kwantar da 'ya'yanku a ciki shekara da shekaru.

In ka san wani da ya sauke yashi da bulo a filinsa, tura masa wannan tun kafin a haƙa harsashi. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa gidajenmu su zama wurin hutawa.

Ƙurunƙus kan kusu. Tawa ta tsaya nan. In kun ji ƙarya a ciki, Gizo ne ya sa mini baki.