Zabon da Aka Yi Gwanjonsa a Kan Rufin Coci

Lahadi ta uku a watan Oktoba, shekarar da nake aji huɗu na firamare, zabona ya zame ƙafarsa daga ɗauri ana tsakiyar gwanjo, ya tashi fir ya sauka a kan rufin cocinmu. Ina tsaye riƙe da tsumman da na ɗaure shi da shi, mutanen Unguwar Dogo kaf sun ɗaga kai sama, Fada ya cire tabarau yana ƙyaƙyata dariya, Mama kuwa ta sa bakin zane ta rufe fuska. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, don abin da gidanmu ya kawo wa mishan ke nan, ba mu da wani.

Cocinmu ɗan ƙarami ne na Katolika, ginin ƙasa da rufin kwano, kuma Fada ba ya zuwa sai sau ɗaya a wata. Kowace shekara bayan Ista katikis ɗinmu mai koya mana addini, Malam Bulus, kan miƙe ya ce, "Akwai mutane a bayan teku da ba su da Fada, ko rashi suka yi babu mai yi musu addu'a. Mu ma haka muke a da, sai da waɗansu suka tara aka aiko mana." Daga nan kowane gida ya faɗi abin da zai kawo ranar Lahadin mishan, a yi gwanjonsa a aika da kuɗin. A shekarar Baba bai daɗe da rasuwa ba, da kuɗin daddawar Mama muke ci. Da aka kira sunan gidanmu sai ta sunkuyar da kai. Ni kuwa da ma bakina ya riga hankalina girma, na miƙe zumbur na ce, "Gidan Monika zai kawo zabo." Aka tafa, alhali ko gashin zabo babu a gidan. Da muka kai ƙofar gida Mama ta ce, "Tunda ke kika faɗa a gaban jama'a, Talatu, sai ki san yadda za ki yi."

Na kuwa sani. Sati biyu na yi ina kai awakin wata tsohuwa maƙwabciyarmu kiwo, ta biya ni da ƙwan zabi bakwai, na zuba wa kazar Mama ta kwanta a kai. Ranar da suka ƙyanƙyashe har rawa na taka a tsakar gida. Abincinsu gara ne, don haka kullum da yamma nakan cusa karan dawa da busasshen kashin shanu a wata tsohuwar tukunya, in yayyafa ruwa, in kife ta a bakin suri. Da sassafe kafin makaranta in je in ɗauko ta cike, in ƙwanƙwasa gindinta da tsinke, su sheƙo a guje. Shaho ya ɗauke biyu, ruwan Agusta ya kashe uku, ɗaya ya ɓace a gonar masara. Saura guda, kuma duk duniya ba ya jin kiran kowa sai wannan ƙwanƙwasar. A makaranta har suna aka sa mini, Uwar Zabo, ban kuma damu ba. Ana koya mana lissafi, ni ina can ina zana mutanen bayan teku a bangon littafi, 'yan tsirara abin tausayi, suna tsaye a bakin ruwa suna jiran zabona.

Ana gobe gwanjo Mama ta ɗauko aska ta ce a rage masa gashin fiffike, kamar yadda kowa ke yi. Na ƙi, na ce zai yi muni ya faɗi a farashi. Ta dube ni ta mayar da askarta. Da safe aka shiga coci da rawa, mata na buga tulu da kacau-kacau, wannan da damin gero a ka, wancan yana jan akuya, ni ina tsakiya na rungume zabona ina taƙama kamar 'yar sarki. Bayan Misa aka fito gindin mangwaro, maƙwabtanmu Musulmi ma suka zo kallo da saye yadda suka saba. Malam Bulus yana ɗaga zabon don jama'a su gani, sai ga shi a sama.

Yara suka fara neman duwatsu, katikis ya daka musu tsawa. Ya dubi rufin, ya dubi Mama, sannan ya gyara murya ya nuna sama da sandarsa ya ce, "Zabon gidan Monika, lafiyayye, kun dai ga shaida da idonku. Wa zai taya?" Wurin ya kaure da dariya, aka shiga tayi. Hedimasta ya saye, ya sa ɗansa ya hau tsani, zabon ya taka a hankali ya koma ɗaya ƙarshen rufin. Hedimasta ya ce ya bar wa coci, a sake sayarwa. Shugabar zumuntar mata ta saye, ta watsa gero, ko kallo bai ishe shi ba, ita ma ta bar wa coci. Fada da kansa ya saye. Kowane zagaye sai an buga ganga an kira sunan Mama, har na ga ta sauke zanen daga fuska tana murmushi, ni kuwa tsalle nake kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Na huɗu shi ne Malam Sale mahauci, kuma ya fi kowa tayi. Ya biya, ya ce, "Ni fa ba na sayen kaya in bar shi a sama. 'Yar Monika, ke ce uwarsa, sauko mini da shi." Nan murnata ta tsaya, don na san sana'arsa. Na dubi Mama, ta gyaɗa kai. Na ruga gida na ɗauko tukunyar gara, na tsaya a filin na ƙwanƙwasa. Zabon ya karkata wuya, ya sauko har gaban ƙafata kamar kowace safiya. Da hannuna na miƙa shi, ina kuka ana tafa mini. Har yau ban tambayi yadda ya ƙare ba.

Yanzu shekarata shida a Dubai, ina aikin share ɗakuna a wani otal a unguwar Al Rigga. Bara Mama ta rasu, ban sami hutu ba, aka binne ta ba na nan. Hajara, 'yar Kano da muke ɗaki ɗaya, ta gaji da ganina a kwance ta ce, "Yalla, tashi ki je cocinku a yi mata addu'a, zan raka ki har tashar jirgin metiro." Wani tsohon Fada ɗan Indiya ne ya yi Misar, ya kira sunan Monika da kyar amma ya kira. Da na je godiya ya ce shi ɗan masunta ne, da kuɗin baikon da ƙananan coci-coci da bai taɓa gani ba suka tara aka yi masa karatu. Na tsaya ina kallonsa, ina jin ƙarar tsinke a gindin tukunya.

Nan ambulan ake rabawa a watan Oktoba, ka saka abinka shiru, babu ganga babu mai kiran sunan uwarka. Ina sakawa, amma ina kewar gindin mangwaron nan. Ashe duk zanen da na yi ta yi a bangon littafi, ban san ni ce mutumiyar bayan tekun ba.