Ramin da Inna Ta Saya da Saniya

Shekarun baya, ina ƙaramar lakwal, wato firamare, mahaifiyata ta sayar da saniyarta ɗaya tilo ta sayi rami. Rami na gaske, a bakin hanya a Magariya, inda aka shekara ana haƙar ƙasar tubali. In raƙumi ya faɗa ciki, sai dai a ji labarinsa.

Kawuna ya zo takanas daga Dogo-Dogo don ya gani da idonsa. Ya leƙa, ya riƙe baki.

"Ƙanwata, mutane na sayen fili, ke kin sayi inda fili ya tashi?"

"Yaya, na bakin hanya mai lafiya ya fi ƙarfina. Wannan kuwa cika shi za a yi."

"Da me?"

"Da shara."

Abin da ke hana Inna sakewa shi ne katangar wani tsoho da ke tsaye a bakin ramin. Tsohon ya gaya mata ƙarara, in damina ta tara ruwa katangarsa ta faɗi, ita za ta gina masa. Ba saniya, ba abin sayarwa, sai dai ramin ya koma hannun wani a wulaƙance.

Nan aka naɗa ni mai neman shara. Gida-gida nake bi bayan lakwal ina roƙon mata su zubar da shararsu a raminmu. Toka, kashin awaki, ɓawon rake, duk ina karɓa da godiya. 'Yan ajinmu suka sa mini suna Hajiyar Bola. Ƙudajen garin kaf sun san ni, har rakiya suke mini.

Ana gab da damina, sharar ta haura rabin ramin, sai na lura tana raguwa. Wata safiya na laɓe bayan katangar tsohon da danƙon harbi. Sai ga amalanken jaki, mutum ya sauko da shebur yana loda. Na saki dutse, na kwarma ihu: "Ɓarawon bola!"

Ya juyo yana sosa ƙeya. Kawuna ne.

"Ke 'yar nema! Shara ma sai an tambaya?"

Ashe sharar ta ruɓe ta zama taki, gonarsa ta gero kuwa duk ta gaji. Kafin Inna ta iso, wasu manoma sun taru, kowa na cewa zai saya. Ni har na fara hango sabon takalmi. Inna ta dubi gabas, inda gajimare ya fara taruwa, ta dubi katangar.

"Ba na sayarwa," ta ce. "Mai son amalanke ɗaya na taki, ya kawo mini biyu na ƙasa. Ya fara zubawa a gindin katangar nan, sannan ya ɗiba."

"Har ni, yayanki?"

"Kai uku, Yaya. Ka riga ka ci bashi."

Rairayi ba abin da ya fi shi yawa a gonakinmu, amalanken kuma da ma wayam yake zuwa. Sai ga jakai a layi kamar ranar kasuwa. Ni ce mai duba lodi, wanda nasa bai cika ba in kore shi. Ran da ruwan farko ya sauka, ramin ya riga ya cika, muka tsaya a kansa ni da Inna, muna kallon ruwan yana gangarewa kwata. Katangar ko gezau.

Yau shaguna ne a wurin, da mai gyaran babur da mai sayar da shayi, Inna kuma ta mayar da saniyarta har da maraƙi. Na gane ba ido rufe ta faɗa ramin ba. Ta san abin da zai iya cinye ta, ta fara toshe shi kafin ta waiwayi riba.

Kawuna kuwa, in ya shigo gari a bencin mai shayin yake zama, yana gaya wa mutane shi ya ba da shawarar. Ni dai in na wuce sai in gaishe shi da ladabi, in tambayi lafiyar ƙeyarsa.