Kunnen Malam Ya'u Mai Salansa

Da an idar da sallar asuba, Malam Ya'u zai buɗe rumfarsa a Kwarbai, ya jawo tsohuwar taya ya zauna. In an kawo a-kori-kura ba ya tambayar ciwonta. "Tayar da ita," kawai zai ce, ya kara kunne a bakin salansa. In bututun hayaƙin ya matse, injin ya shaƙe ke nan. In kuwa faɗinsa ya wuce kima, sai uban ruri, amma a loda mata masara a ga ragwanci wajen tashi.

Kunnen da yake cin abinci da shi, shi aikin ya ci. Na hagu ya mutu tuntuni, likita kuma ya ce in bai rabu da ƙara ba, na daman zai bi sahu. Har Malam ya fara tattara kayan walda zai bar sana'ar, sai yayin ƙaton bututu ya shigo gari, direbobi suka ɗauka ƙara ita ce ƙarfi. Hajiya Mero ta zo masa da hawaye: maigidanta yana kwance da shanyewar jiki, ɗakinsa a jikin hanya, duk motar hatsin da ta wuce sai ya firgita.

Malam Ya'u ya tare direban da ya fi kowa ruri. "Lado, hatsi kake ɗauka ko matattu kake tayarwa?"

"Baba, so nake a ji ni tun daga Wusasa."

"To, an ji ka. Kawo ta."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana yankewa yana mayar da daidai, kunnen da ya rage yana bakin hayaƙi. Mijin Hajiya ya samu barci a kwanakinsa na ƙarshe.

Malam Ya'u, kai ne ka sayo wa unguwa shiru da kunnenka. Wallahi abin da ciwo.

Ranar da zai rufe rumfa, Lado ya kawo motarsa a saurara mata. Malam ya kara kunne, ya daɗe, sannan ya ɗago a fusace: "Na ce ka tayar da ita!" Motar kuwa tana aiki. Lado ya juya baya yana share ido.

Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, ku yi koyi da shi, ku riƙa tuna na kwance a bayan katanga. Wanda zai je godiya kuma ya riƙe hannunsa da kyau, don faɗa da baki ba za ta isa gare shi ba.