Firji Mai Murya

Maigidana injiniya ne, kuma wannan ita ce jarabawar da Allah ya ɗora mini. Mutum ne da ba ya iya ganin abu yana aiki ya ƙyale shi. A shekarar da nake ɗauke da cikin fari, ya dawo mana gida Longsight, unguwarmu a Manchester, da wata tsohuwar mota irin wadda Turawa ke tafiya hutu da ita, mai gado da murhu da ɗan firji a ciki. Wai da ita za mu zaga Ingila. Na ce, "Injiniya, mu fara zaga layinmu tukuna, mu ga ko za ta dawo da mu."

Motar dai tana tafiya, ba zan yi mata sharri ba. Firjin ne abin magana. Da an jona masa wuta sai ya fara gurnani, sai karkarwa, sai wani ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar ana dakan yaji a maƙwabta. Ya yi shiru ka ce ya gama, sai ya sake ɗauka. A bayan gida aka ajiye motar, aka zuro mata waya ta tagar kicin, ni kuma na mayar da firjin wurin ajiyar naman da nake sayowa a Stockport Road, tunda sanyi dai yana yi.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyata, ta iso daga Kano don ta zauna da ni har in haihu. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa, sai dai "ke". Amma na san darajar zuwan nan. Asibiti akwai, ungozoma akwai, amma wa zai dafa mini ruwan wankan jego a Manchester? Wa zai dama mini kunun kanwa? Tsoron haihuwar nan nake ji sosai, kuma uwata nake so a kusa.

Ba ta daɗe ba ta fara zancen komawa. "Wannan ƙasa taku ko zakara ba ya cara," in ji ta. "Maƙwabcinka ya mutu ma sai dai ka ji wari." Abinci sai ta tsakura ta ture. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko ana iya matso da ranar jirgi. Ni kuwa in shiga bayi in sha kukana, in wanke fuska in fito.

Wata rana na aike ta, ko in ce na roƙe ta, ta ɗauko mini nama a mota. Shiru, shiru, Inna ba ta dawo ba. Na leƙa, sai ga ta zaune a kan gadon motar, ta miƙe ƙafa tana jan carbi, firji na ta ɓaɓatunsa a gefenta. Daga ranar, da ta idar da azahar sai ta ɗauki tiren wake ta tafi mota tsinta. Har gyangyaɗi take yi a can. Zancen jirgi ya mutu. Na ɗauka hasken ranar da ke shiga ta gilashi ne ya yi mata daɗi, na ce alhamdu lillahi.

To, sai Injiniya ya dawo daga aiki ya je gaishe ta. Ya durƙusa a bakin ƙofar mota, kai a ƙasa, kamar yadda ya saba. Inna ta amsa tana kallon wakenta, sannan ta ce, "Wannan firji naku kam, akwai murya."

Wayyo, bawan Allah! Ya shigo gida kamar an watsa masa ruwan zafi. "Kin ji abin da Inna ta ce? Injiniya guda, surukarsa na zaune cikin wannan ƙara!" Abin nema ya samu. Ga shi ranar Lahadi za mu Birmingham sunan ɗan ƙanensa, kuma a motar za mu.

Ranar Asabar tun da hantsi ya kira maƙwabcinmu, wani Alhaji mutumin Gana, ya zo ya riƙe masa tocila. Suka kwance sukurori, suka zaro firjin daga raminsa. Bayansa ƙura ce dam, har da busasshen biskit na masu motar na farko. Alhaji ya ce fanka ce, Injiniya ya ce ba fanka ba ce, suka goge fankar duk da haka. Aka jona, ƙara na nan. Can suka gano robobin da injin ke zaune a kansu sun ruɓe, ƙarfe na bugun ƙarfe, ga wani siririn bututu yana taɓa bangon katako.

Ina kicin na ji Injiniya yana tambaya, "Madam, waɗannan silifas ɗin kina amfani da su?" Kafin in buɗe baki ya riga ya sa musu wuƙa. Silifas ɗin da su kaɗai ke shiga ƙafata da ta kumbura! Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai da firjinka." Ko a jikinsa. Ya yanka su gunduwa-gunduwa, ya cusa a ƙarƙashin injin, ya lanƙwasa bututun kaɗan ya ɗaure shi. Aka jona. Tsit. Sai ka kara kunne kafin ka ji wani ɗan huci. Alhaji ya yi kabbara, Injiniya ya riƙa yawo a tsakar gida yana hura hanci.

Washegari muka ɗauki hanya. Mun hau babban titi ke nan Inna ta ce mini, "Ke, firjin nan ya mutu. Naman mutane zai lalace." Injiniya ya amsa daga gaba, murya har rawa take don daɗi, "Gyara shi na yi, Inna." Ta buɗe, ta taɓa naman, ta ji sanyi ƙalau. Ta rufe. "Sannu da ƙoƙari. Allah ya yi albarka." A haka muka shiga Birmingham.

An yi suna lafiya, an ci an sha. Bayan la'asar ƙafafuna suka dame ni, na koma mota in miƙe, Inna ta biyo ni. Muna zaune, babu motsin komai, sai ta ce, "In mun koma, ki ce masa ya nemo mini jirgi."

Raina ya ɓaci, na manta da kunya. "Haba Inna! Saura ƙiris in haihu. Me muka yi miki? Me kika rasa?"

Ta daɗe tana kallon firjin. "Tun da mahaifinku ya rasu, gidanmu na Kano daga ni sai firji," in ji ta. "In an kawo wuta shi ke fara gaya mini. In ya tashi sai in ji kamar da mutum a gidan. Na zo nan na samu wani mai irin muryarsa, shi ma an rufe masa baki."

Tun rasuwar Baba nake kiranta a waya, ta ce mini lafiya lau, ni kuma in yarda.

Na fita ba takalmin kirki, na sa aka kira mini Injiniya daga cikin maza. Na ce, "Garin neman gira ka rasa mana ido. Je ka ciro mini silifas ɗina." Ya fara, "Amma ai vibration ɗin ne ke..." Na gaya masa abin da Inna ta ce. Bai ƙarasa turancinsa ba. Na janye Inna cikin gida wai ta yi sallama da maijego, shi kuwa ya naɗe babbar rigarsa ta shadda, ya durƙusa a cikin mota da sukundireba, 'yan suna na wucewa suna yi masa sannu da aiki.

Mun kama hanyar Manchester, ba mu fita gari ba firji ya yi gyaran murya, ya ɗauka, har ya fi da. Ƙaf-ƙaf-ƙaf. Injiniya ya kafe idonsa a titi. Inna ta saurara, ta gyara zama, ta miƙe ƙafa a kan gado. Ba ta dube shi ba, ni ma ba ta dube ni ba.

"Ke," ta ce, "ki gaya masa gyaran bai riƙe ba. Kada ya wahalar da kansa yanzu. In kin yi arba'in, kafin in tafi, sai ya sake dubawa."