Yadda Kwanon Samira Ya Kori Kawu Arzika Daga Kebbe

Ku da kuka san Kawu Arzika, ƙanen mahaifiyata, kun san ba a tuɓe hula a gabansa a zauna lafiya. Da ka cire ta zai runtse ido ɗaya, ya karkata wuya, ya shiga auna kanka kamar mai ciniki a kasuwar ƙorai. Ba laifinsa ba ne. Tun yana yaro zanen ƙwarya yake yi a Kebbe, da wuƙa da ƙarfe mai zafi, har duk abin da yake da zagaye ya koma masa ƙwarya. Liman ma bai tsira ba.

Ranar da Malam Bello, malamin firamare daga Tambuwal, ya zo gaisuwar neman aurena, ya sha guga, ya sha turare, yana ta sunkuyar da kai. Kawu ya dube shi ya ce, "Kai yaro, tuɓe hula."

Bawan Allah ya tuɓe. Kawu ya tashi ya zagaya shi, ya dawo ya zauna.

"Wanga kai ba ƙwarya ba ta, ludayi na." Can ya ƙara da cewa, "Amma ai da ludayi aka shan fura. Ku ba shi."

Haka aka ba shi ni. Har ya yi ritaya, mutanen Kebbe Malam Ludayi suke ce masa in ya ba da baya, kuma ya sani sarai.

Abu na biyu da kowa ya san Kawu da shi, ba ya fita Kebbe. Ko kusa! Ranar da za a kai ni ɗakin miji, ya rako mu har gindin tsamiyar bakin gari, ya ja birki.

Na ce, "Kawu, ba za ka ga ɗakina ba?"

Ya ce, "Balki, nan ƙasata taƙ ƙare. Abin da babu shi Kebbe, ban da buƙatarshi. Allah shi ba ku zaman lafiya." Ya juya abinsa.

To, sai zamani ya juya masa shi ma. Lokacin nan ne aka ba mu jihar Sakkwato, kuɗin mai ya shigo, kowa ya ji ɗumi a aljihu. Kwanukan samira suka cika kasuwa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, sai ƙyalli suke yi. Amaryar da a da ake yi wa jere da ƙoran Kawu, yanzu in an kai mata ƙwarya sai ta tura baki. In ban da 'yan matan Fulani masu tallan nono, babu mai tsayawa a rumfarsa. Ƙorai suka taru a zaure har gara ta fara yi musu nata zanen. Mutumin da ake zuwa tun daga Fakku a yi layi a ƙofarsa, ya koma korar ƙuda.

Ran nan sai ga shi ya shigo gida da kwanon samira a hammata. Matarsa, Inna Hajo, ta riƙe haɓa.

"Arzika! Kai da kac ce ko gawarka ba ta cin tuwo cikinshi?"

"Ba don ci nis sawo shi ba. So nikai in ga maƙiyina ido da ido."

Ya kife kwanon a tsakar gida, ya zauna yana hararar sa. Da safe harara, da yamma harara. Inna ta ce har kaji sun saba, suna zuwa su taya shi. Daga ƙarshe ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wanda yaz zana furen ga bai taɓa ganin fure ba. Hannunshi na banza na. Amma Hajo, dubi ja! Don Allah ina sunka samo wanga ja?"

Nan fa ciwon yake. Shi duk rayuwarsa baƙin ƙuna da farin ƙwarya ya sani, sai ɗan jan karan dafi. Launi ya shige masa rai, ya hana shi sukuni. Ana cikin haka, ran kasuwa wata babbar mota ta zo ɗaukar gero, an zane bodinta tun daga goshi har wutsiya, ga shaho, ga dabino, ga wata da tauraro. Kawu ya bar rumfa a buɗe, ya yi ta zagaya motar yana shafawa, har direban ya ɗauka ɓarawon taya ne. Shi ya gaya masa mai wannan aiki yana nan tashar Tambuwal.

Jama'a, ku zo ku ga bankwana! Kawu ya bi gari gida-gida yana neman gafara. Ya yi wasiyyar jakinsa. Ya nuna inda yake so a binne shi in an samu dawo da gawa. Liman ya ce, "Arzika, Makka za ka?"

"Tambuwal, Allah gafarta Malam."

"Haba! Ai jiya ɗana yaj je yad dawo bisa keke."

"Shi yaro na, bai san haɗari ba."

Ya iso gidana da azahar, rungume da goran ruwan Kebbe, don ya ce bai yarda da ruwan baƙon wuri ba. Mutanen da suka zo mota ɗaya suka ce tun daga tsamiya ya damƙe ƙafar wani mai awaki, bai sake ta ba sai a tasha. Na shimfiɗa masa tabarma, na ce, "Kawu, yaya hanya?"

"Balki, ƙasarku ba ta da natsuwa. Itace ma gudu shikai."

Washegari maigidana ya raka shi wurin mai fentin. Ashe wani saurayi ne mutumin Gana, bai kai sa'an ɗan Kawu na fari ba, Hausarsa ma a karkace. Kawu ya ce, "Mi as sunanka?"

"Kofi, Baba."

Kawu ya dubi sama ya tafa hannu. "Ikon Allah! Kwano yak koro ni daga gida, na zo na faɗa hannun kofi."

Amma ya zauna. Wallahi ya zauna. Dattijo da furfura a gemu, wanda a Kebbe ake durƙusa masa, ya koma wanke burushi cikin kananzir, yana kankare tsohon fenti, yana riƙe tsani. Kofi ya ce ya ja layi, ya ja, ya ce bai miƙe ba, ya goge. Hannun da ya saba da bin zagayen ƙwarya ya ƙi tafiya a miƙe, kowane layi sai ya lanƙwasa kamar zai koma gida. Yaran mota suna ta yi masa dariya. In ya dawo da yamma sai ya zauna yana duban yatsunsa. Ni kaina na tausaya masa, na ce ko ya haƙura. Ya ce, "Ɗebo min tuwo, ba shawara nit tambaye ki ba."

Bayan an daɗe, Kofi ya yi tafiya Jega sayen fenti, sai wani direba mai suna Nomau, mai bin hanyar Dogon Daji, ya zo yana sauri, zaki yake so a bayan motarsa. Kawu ya ce ai ba sai an jira kowa ba. Ya naɗe hannun riga, ya wuni yana aiki. Da aka janye buhun da ya rufe zanen, sai tasha ta fashe da dariya gaba ɗaya. Mai shayi har da faɗowa daga benci.

Nomau ya ɗora hannu a ka. "Baba, mi an nan? Zaki nic ce! Wagga ai tunkiya ta!"

Kawu ya ce, "Ka taɓa ganin zaki?"

"A'a."

"To ni ma haka. Ƙaƙa kas san ba haka shike ba?"

A baki ya ci gardama, amma a zuci dariyar ta soke shi. Bai ko ci abinci ba, ya ɗaure ƙunshinsa ya hau motar Kebbe, wannan karon ko ƙafar kowa bai riƙe ba. Na yi kuka ranar, don na ɗauka shi ke nan.

Inna Hajo ce ta ba ni labarin sauran. Ta ce yana sallama ta tare ƙofar zaure da muciya a hannu.

"Ina za ka?"

"Gidana."

"Wane gida? Kai da kab bi gari kana neman gafara, kas sa mata kuka, kab ba da jaki? Mutane sun yafe maka, sun gama. Yanzu ka dawo su ce mi? In ka shigo, mi za ka yi, gadin gara?"

"Hajo, dariya sunka yi min."

"Ni shekara nawa nika yi maka dariya, ka mutu? Sha ruwa ka koma."

Ta ba shi fura, a cikin kwanon samirar nan kuwa, don ta ƙara masa haushi. Ya shanye, ya kwana a zaure, gari na wayewa ya kamo hanya.

Abin da ya gani a Tambuwal kafin wata ya cika ya fi ƙarfin bakinsa. Motar Nomau ta yi suna! Daga Dogon Daji har Tambuwal ba a kiran ta sai Tunkiya. Yara na bin ta da gudu, mata na cewa su Tunkiya za su jira, don an ce dabba ce mai haƙuri, ba ta faɗuwa da mutane. Nomau da ya rantse sai an goge, yanzu ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta.

Kofi kuwa da ya dawo daga Jega bai yi faɗa ba. Goran ruwan Kawu ya ɗauka, yana jujjuya shi, yana bin zanen jikinsa da yatsa. Ya ce, "Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni mana. Aikin banza na, na ƙauye."

"Baba, kai bar zaki. Zaki kowa iya. Wannan, ni ba iya. Sa shi jikin mota."

Ranar Kawu ya ɗauki burushi ya zuba zanen ƙwaryar Kebbe a gefen bodi, irin sarƙar nan da ƙafar kaza da idon zabo da ya gada wurin ubansa, amma yanzu da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Hannun da ya ƙi miƙewa ya samu abin da yake so. Ina gaya muku, har masu dariyar suka yi cirko-cirko. Kafin damina ta zagayo, direbobi daga Yawuri da Kwantagora suna kwana a tasha suna jiran layi, Kofi na zana tsakiya, Kawu na ɗaure gefe. Wanda ya koya masa wanke burushi ya dawo yana cewa, "Baba, nuna min."

Kada ku ce nasara ta gyara masa hali. Ina! Boko dai bai iya ba, Kofi ke rubuta masa a ƙasa yana kwafa kamar zane. Da aka zo kan "Sauka Lafiya", ya dubi harafin farko ya ce wannan maciji ne, kuma shi ba ya barin halitta ba kai. Ya yi masa ido biyu da harshe. Mai motar ya ce, "Baba, ana cewa a sauka lafiya, ga kububuwa a bakin ƙofa?" Ya ce, "Shi ya sa za su duba ƙasa kafin su taka." Duk tsohuwar motar da kuka gani harafinta na kallon ku, aikinsa ne.

Ga kuma tsimi. Ɗigon fenti ba ya zuba a ƙasa. Abin da ya rage a burushi sai ya nemi inda zai shafe shi, ƙofata, turmina, akurkin kaji. Mutane suka daina jingine keke kusa da shi. Maigidana ya taɓa ajiye takalmansa ya shiga masallacin tasha, ya fito ya tarar da idon zabo a kowace ƙafa. Haka ya je aji da su, ɗalibai na leƙen ƙarƙashin tebur.

Da tsufa ya kama shi ya koma Kebbe, ido ya yi rauni. Zuwana na ƙarshe da farkon damina ne. Na same shi a bakin fadama an shimfiɗa masa buzu, gero ya fara tsiro, ga 'yan gwangwanaye a gabansa yana ta dama fenti da tsinke.

Na ce, "Kawu, har yanzu? Ai ka gama aikinka."

Ya nuna min gonar da haɓa. "Dubi koren can, Balki. Tun ina tasha nika biɗarshi. In na sa shuɗi shi yi duhu, in na ƙara ɗorawa shi yi fau. Na kusa dai. Ki dawo da kaka, ki gani."

Ban kai ga komawa ba aka aiko mana.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya Allah, bawanka ya tafi yana neman wani kore bai samu ba. Ka nuna masa shi a gidan Aljanna, ka bar shi ya kalla har ya ƙoshi. Amin.