Na Ƙwace wa Sagiru Fartanya

Jiya muna noman dawa a gonata ta Dugabau, sai na ji jikana Sagiru yana ta ƙunƙuni, kowane sara da kalmarsa.

Da gangan na jawo shi gona. Jarrabawar shiga soja zai rubuta, shi da ubansa suka ƙulla abinsu ba su tuntuɓe ni ba. Na ce to, ba zan sa albarka ba.

Na ce, "Kai, aljanu ne?"

Ya ce, "Turanci ne, tsoho. Kalmomi masu ma'ana ɗaya nake haddacewa. Kowace sai na ɗora ta a kan wani a gida don kar ta gudu."

"Ni me ka ɗora mini?"

"Na taurin kai. Tun da na ba ka su, ko ɗaya ba ta ɓace mini ba."

Ja'iri! Ni da ban taɓa zama a aji ba, ashe da ni za a shiga ɗakin jarrabawa.

Na ƙwace fartanyarsa, na kora shi inuwar ɗorawa ya yi karatunsa. Allah ya yi masa albarka. Ubansa kuwa, ina nan ina jiran ya zo ya ba ni haƙuri.

Jama'a, tsakani da Allah, ina taurin kai a nan?